Tart ɗin kabewa ba hatsi ba nono, da Hajiyar da ta daina aiko fura

Assalamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce, shekarata 34, ƴaƴana uku, muna zaune a Birni nan Damagaram, gida ɗaya da mahaifiyar maigidana. Na yi shekaru ina fama da kumburin ciki da kasala duk bayan cin abinci. Wata huɗu da suka wuce yayata da ke aure a Amurka ta ba ni labarin wani tsarin cin abinci da ake kira paliyo: ba hatsi, ba nono, ba wake, ba gyaɗa, ba sukari. Na gwada, kuma wallahi na ji sauƙi. Sai dai gida ya ɗauki zafi. Ina tuƙa wa kowa tuwo, ni in ci nawa daban. Hajiya ta saba aiko mini da fura kowace azahar, sau uku ina mayarwa, daga nan ta daina, ta kuma rage yi mini magana. Na ji tana gaya wa ƴarta wai na raina abincin da aka raini mijina da shi. Maigida bai ce in bari ba, amma ya ɗaure fuska da ya ji kuɗin garin almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, da na sa aka kawo mini daga Yamai. Yayata ta turo mini yadda ake yin tart ɗin kabewa irin na can, wato gasasshen abin zaƙi mai ɓawo a ƙasa da haɗin kabewa a ciki, amma na masu paliyo, wanda babu fulawa babu madara. Sau biyu ina yi, cikin ya yi ruwa, ɓawon ya marmashe. Hajiya ta leƙo ta ce an yi asarar kabewar miya. Nan da mako uku akwai walimar saukar ɗan yayan maigida, kuma ina so in kai shi gaban kowa, su gane ba yunwa nake kashe kaina da ita ba. Yaya zan gyara shi, kuma yaya zan yi da Hajiya?

Malama H., Birni

Wa alaikumus salam ƴata. Sannu da haƙuri, kuma Allah ya ƙara sauƙi. Wanda bai taɓa kwance zani bayan cin abinci don cikinsa ya yi tam kamar ganga ba, ba zai gane dalilin da ya sa kika riƙe wannan tsari da hannu biyu ba. Kin samu sauƙi bayan shekaru, babu wanda zai ga laifinki don kin ji tsoron komawa gidan jiya. Tart ɗinki kuma zai gyaru, da kayan da duk akwai su a Kasuwar Dole. Amma bari mu fara da furar nan, domin can ciwon yake.

Ki tsaya a inda Hajiya ta tsaya. Ta dama fura da hannunta, ta zuba a kwano, ta rufe da faifai, ta kira jikanta ta ce kai wa mamanka. Jim kaɗan sai ga yaro ya dawo da kwanon a cike, ko ludayi ba a tsoma ba. Rana ta biyu haka, ta uku haka. Ke kin san cikinki kike gudu. Ita kuwa abin da ta gani shi ne an dawo mata da hannunta. A gidajenmu tsohuwa ba ta cika buɗe baki ta ce wa matar ɗanta ina sonki ba, da kwanon fura take faɗa. Ba ki yi laifi don ba ki sha ba. Kuskuren shi ne mayarwa, da kuma barin yaro ya kai saƙon da ke ya kamata ki kai da ƙafarki. Ita ma maganar asarar kabewa ba ta dace ba, na san ta sosa miki rai, ga gajiya ga abu bai yi ba. Amma magana ce ta wadda aka riga aka ɓata wa. An ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan ya hau kanku ku biyu, sai dai ke ce ƙarama, ke za ki fara.

Ki je ɗakinta bayan magariba, lokacin da babu ƴaƴanta mata a kusa. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: Hajiya, cikina ne ba lafiya, ba furarki na ƙi ba, na yi kuskure da na mayar ban zo na yi miki bayani ba, ki yafe mini. Iyakar abin ke nan. Kada ki ambaci paliyo, kada ki ambaci Amurka, domin da ta ji su za ta ɗauka an zo koya mata cin abinci ne bayan ta ciyar da gida shekara arba'in. Ciwon ciki kuwa kowace tsohuwa ta san shi, ta kuma san akwai wanda nono ba ya yi da shi. In ta sake aikowa, ki karɓa, ki ba yara su sha, ki wanke kwanon ki mayar da ƴan dabino ko goro a ciki. Mai yiwuwa ba za ta sake miki fuska a daren farko ba. Ki bar ta, ki koma gaisuwa gobe.

Maigidanki yana tsakanin uwa da mata, ga aljihu, shi ya sa ya zaɓi ɗaure fuska. A kan garin almon ina bayansa. Abu ne da ake shigo da shi daga nesa, kuma ba kya bukatarsa. Ki gaya masa kin bar shi, abincinki daga cikin cefanen gida zai riƙa fitowa: ƙwai, kabewa, dankali, zogale, kifi ko nama in an samu. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya, ya gaya wa mahaifiyarsa da bakinsa cewa ya san da rashin lafiyarki kuma da saninsa kike kiyaye wasu abubuwa. Kada ki nemi ya yi muku shari'a. Yara kuma su ci gaba da tuwonsu da wakensu da nononsu, masu girma ne, suna bukata.

Shi paliyon, ga asalinsa. A 1985 wasu masana biyu a Amurka, Boyd Eaton da Melvin Konner, suka rubuta maƙala kan abincin mutanen da suka rayu kafin a fara noma da kiwo, kusan shekara 10,000 baya. Daga baya Loren Cordain ya yaɗa tsarin da littafinsa na 2002. Hujjarsu ita ce jikin ɗan Adam ya fi sabawa da nama da kifi da ganye da ƴaƴan itace, don haka a bar hatsi da wake da nono. Akwai alheri a ciki: mutum yana barin sukari da lemon kwalba da fulawa, yana ƙara ganye. Amma cewa gero da wake cuta ne ga kowa, wannan bai tabbata ba. Gero a Sahel ɗinmu aka fara nomansa, fiye da shekara 4,000 ke nan, kuma shi ya riƙe ƙasar nan.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kin ajiye abu biyar rana ɗaya, saboda haka ba ki san wanne ne mai laifin ba. In madara ce, matsalar galibi sukarin cikinta ce da ake kira laktos, wanda manya da yawa ba sa iya narkarwa, kuma nono mai tsami yana da ƙarancinsa, shi ya sa wasu ke shan kindirmo lafiya alhali madarar gari na kumbura su. In alkama ce, to sinadarin gulutin da ke cikinta babu shi a gero, babu a dawa, babu a masara da shinkafa. Ke nan yana yiwuwa tuwon Hajiya bai taɓa yi miki komai ba, burodi da taliya ne. Ki sayi ƙaramin littafi, ki dawo da abu ɗaya kawai, ki fara da tuwon gero, ki ci kwana uku kina rubuta yadda kika ji. In lafiya, ki riƙe shi, bayan ƴan kwanaki ki gwada na gaba. Ki kuma je ki ga likita, domin tsutsar ciki da gyambon ciki su ma suna kawo kumburi, kuma magani gare su. Ki gaya masa tun yaushe kika bar alkama, saboda gwajin cutar gulutin yana bukatar a yi shi mutum na cikin cin ta. In kina ramewa ba da son ranki ba, ko kin ga jini a bayan gida, ko jiri na ɗibarki, kada ki jira. In kuma kina da ciki ko kina shayarwa, kada ki ci gaba da wannan tsari sai da shawararsa. Kafin nan ki yawaita zogale da miyar kuka da riɗi da ƙananan kifi masu ƙaya, su cike miki gurbin abin da nono ke ba ƙashi.

To, mu shiga madafa. A Amurka ana cin wannan tart ne musamman a bikin godiya da suke yi ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Na asali ɓawonsa na fulawa ne da man shanu, cikinsa kuma kabewa da ƙwai da madara da sukari da kayan ƙamshi. Yawancinsu da kabewar gwangwani suke yi, mai nauyin giram 425, wadda aka riga aka tsane ta ta yi kauri. Umarnin da yayarki ta turo a kan irin wannan aka gina shi. Tamu kabewar ta miya ruwa gare ta, in kuma kin tafasa ta a ruwa kamar za ki yi taushe, kin ƙara mata wani. Nan cikin naki ya lalace.

Ki nemi kabewa wadda ta ƙosa, mai nauyi a hannu, wadda farce ba ya shiga bayanta. Tunda masu sayarwa suna yanka ta yanki-yanki, ki duba tsokar, ki ɗauki mai ja sosai, ki bar mai fari-fari. Kilo ɗaya da ɗan ɗori zai ishe ki. Ki cire ƴaƴan, ki gasa ta a fur, wato murhun gashi, ko ki turara ta a madambaci har cokali ya shige. Ki kankare tsokar, ki murje ta a rariya, sannan ki zuba a tsumma mai tsabta ki ɗaure ki rataye kamar awa ɗaya, za ki yi mamakin ruwan da zai ɗiga. Bayan haka ki juye a tukunya a kan wuta kaɗan kina juyawa, har in kin ja muciya a tsakiya hanyar ta tsaya ba ta rufe ba. Abin da kike nema giram 400 zuwa 450 ne. In duk da haka kin ga ba ta da jiki, ki haɗa da dankalin Hausa guda ɗaya da kika turara, yana ƙara kauri da zaƙi.

Madadin madara, kwakwa. Ki goge babba guda ɗaya, ki zuba mata ruwan ɗumi kofi ɗaya, ki matse da tsumma. Tatsar farko ita ce mai maiƙo, ita kike so, mililita 200. In kwakwa ta yi tsada, ki jiƙa aya ta kwana, ki niƙa da ruwa kaɗan, ki tace ta da kauri fiye da ta kunu. Aya na da sitaci mai kamawa in ya ji wuta, wannan taimako ne, amma maiƙonta bai kai na kwakwa ba, sai ki ƙara gwaiduwar ƙwai ɗaya. Kuma a ranar za ki tace ta, ba ta jure jira, tsami take yi. Sai ƙwai uku na kaza, in na zabo ne huɗu. Zaƙi kuma dabino goma zuwa sha biyu, ki cire ƙwallon, ki jiƙa a ruwan zafi kaɗan, ki dame su su zama kamar kunu mai kauri, ko zuma babban cokali biyar. Ni na fi son dabino, domin zuma na ƙara ruwa. Ki sani dai dabino da zuma su ma sukari ne a jini, in akwai mai ciwon sukari a gidan, ɗan yanki zai ci. Kirfa ƙaramin cokali ɗaya, garin citta rabi, kanumfari biyu ko uku a daka, ɗan gishiri, da sitacin rogo babban cokali ɗaya. Kanumfari yana da ƙarfin hali, in ya yi yawa shi kaɗai za a ji. Ki kaɗa a hankali har su haɗe, ba sai ya yi kumfa ba.

Ɓawon kuwa ya marmashe ne saboda kin so ki murza shi kamar na fulawa. Danƙon da ke sa kwaɓin alkama ya miƙe shi ne gulutin, garin da ba shi da shi ba ya murzuwa, dannawa ake yi. Kuma a nan ne nake so ki manta da almon ki koma ga aya. Aya ba hatsi ba ce, ba ta cikin dangin gyaɗa, saiwa ce da ke yin ƴaƴa a ƙarƙashin ƙasa, kuma masu paliyo a Turai da Amurka suna sayen garinta da tsada, alhali maƙwabtanmu na jihar Maradi buhu-buhu suke nomanta. Ki wanke ta sosai, ki rege tsakuwa, ki shanya ta bushe ƙarau, ki ɗan soya sama-sama a kasko har ƙamshi ya tashi, ki daka, ki tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu, in ba haka ba za a ji ta kamar yashi a baki. In injin unguwa za ki kai, ki tuna akwai ragowar hatsi da alkama a cikinsa. Garin aya giram 180, sitacin rogo babban cokali uku, ƙwai ɗaya, man kwakwa babban cokali uku, ɗan gishiri. Ki cuɗa har in kin dunƙula a hannu ya tsaya. Ki shafa mai a farantin gashi, ki baza, ki bi da yatsu kina dannawa har gefe, kaurinsa kamar rabin santimita. Ki soka da cokali mai yatsu, ki gasa shi shi kaɗai minti goma a zafin digiri 175, ya huce kaɗan, sannan ki zuba haɗin.

Ki lura da abin da na faɗa yanzu: wankewa, regewa, soyawa, daka, tankaɗe. Wannan ai hanyar dakuwa ce. Akwai wadda ta fi Hajiya sanin lokacin da aya ta soyu ba ta ƙone ba a gidan nan? Akwai wadda ta fi ta iya ƙwanƙwasa kabewa ta gane mai tsoka? Da tsohuwar zuma ake magani. Bayan kin ba ta haƙuri da kwana biyu ko uku, ki kai mata ayar a faifai ki ce: Hajiya, tawa kullum ƙonewa take, ki nuna mini. Ba dabara nake koya miki ba, da gaske ta fi ki iyawa, kuma za ta gane in tambayar ta baka ce kawai. In hira ta yi daɗi, ki tuna mata hadisin Anas, da ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana bin gefen akushi yana tsintar dubba'u, wanda malamai ke fassarawa da kabewa ko duma. Mai yiwuwa ita za ta ƙarasa miki shi.

Gashin yana ɗaukar minti 40 zuwa 50 a digiri 170 zuwa 175. Aya na da zaƙinta, gefen yana saurin yin baƙi, sai ki rufe shi da takardar alminiyam in ya fara ja. Kada ki jira tsakiyar ta sandare. In kin girgiza farantin, gefe ya tsaya, tsakiya kamar faɗin bakin kofi tana ɗan rawa, ki sauke, zafin da ke jikinsa zai ƙarasa. Ƙwai in ya wuce wuta tsagewa yake ya fitar da ruwa, kuma ina zaton wannan ma ya same ki, kin ga ruwa kin ƙara masa lokaci, ruwan ya ƙaru. Ki bar shi ya huce, ki sa a firigo aƙalla awa uku kafin wuƙa ta taɓa shi. In babu fur ko gaz ya ƙare, babbar tukunya da rairayi mai tsabta a ƙasa, farantin a kai, garwashi kaɗan a ƙarƙashi da ɗan ƙari a kan murfi, yadda mata ke gasa gato. Akwai ma hanya mafi sauƙi: ki bar ɓawon gaba ɗaya, ki zuba haɗin a ƙananan kofuna ki turara kamar alala, minti 20 zuwa 25, ki barbaɗa soyayyen riɗi ko garin aya a kai. Da wannan nake so ki fara, don ki daidaita ɗanɗanon ba tare da asarar aya ba.

Walima kuwa, shawarata kada ki kai shi. Ranar yaron ce da iyayensa da malaminsa, kuma duk abincin da aka ajiye a taro don a ba wani amsa, mutane suna jin hakan tun kafin su ɗanɗana. In ya yi daɗi Hajiya za ta ji an kunyata ta a gaban dangi, in bai yi ba ke za ki koma ɗaki da kuka. Ga shi kuma abu ne na ƙwai da madarar kwakwa, bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, a zafin Damagaram ma awa ɗaya, taro kuwa yini ake yi. Ki ci abinki a ɗaki kafin ki fita, ki shiga aikin tukunya da sauran mata, ki zauna a kwano ɗaya da su ki ci nama da ganye. In kina so ki kai wani abu da hannunki, ki yi dakuwar aya da dabino da citta, ba ta saurin lalacewa, kowa ya san ta, kuma ke ma za ki ci.

Tart ɗin ki yi shi wata ranar da babu baƙi, bayan walima ta wuce. In ya huce ya yanku, ki ɗauki yanki na farko ki sa a kwanon nan da fura ke zuwa a cikinsa, ki rufe da faifai, ki kai mata da kanki bayan la'asar. Ki ce ga abin da aka yi da ayar da kika soya, Hajiya. Ki ajiye ki fito, kada ki tsaya kallon bakinta. In ta aiko yaro ya ce citta ta yi kaɗan, ki ƙara rabin cokali a na gaba.